Allon da Na Kafa a Gonar Wake

Bana ma kaka ta zo ta wuce ban ji gangar sakin gonaki ba. Na tambayi wani matashi a ƙauyenmu ko har yanzu ana buga ta, ya ce shi bai taɓa jin ko sunanta ba. Ba laifinsa ba ne. Yanzu da an yanke gero da dawa sai kowa ya tattare karansa da harawarsa ya loda a amalanke ya kai gida, domin kara ma ya zama abin sayarwa, gonaki kuma duk an ɗaure su da waya. Mu ba haka muka taso muka gani ba. Idan amfani ya gama shiga rumbu, dagaci yakan tura sanƙira ya zaga unguwa-unguwa da 'yar gangarsa, yana shelar cewa nan da kwana uku an saki gonaki: mai sauran abu a daji ya kwashe, wanda ba zai kwashe ba ya kewaye da ƙaya. Bayan kwana ukun nan, duk abin da saniya ta ci ta ci halal, ba ƙara ba biyan ɓarna. Sai ka ji daji ya cika da ƙarar kara yana karyewa ƙarƙashin kofato, ƙaho na gogar ƙaho, makiyaya suna kiran shanu da sunayensu, matan ruga suna shigowa gari da ƙoren nono tun hantsi. Ina kewar wannan sauti ƙwarai.

Mu asalinmu masu shanu ne. Kakanmu ne annoba ta share wa garke, ya ajiye sanda ya ɗauki fartanya, ya zauna a wani ƙauye can gaba da Kiyawa. Fulatanci ya ɓace mana, sai gaisuwa da zagi, amma zumunci bai ɓace ba. Duk shekara akwai wani Ardo da ke sauka da garkensa a gonar mahaifinmu, wanda muke kira Baffa. Shanunsa su ci kara su bar mana taki, matansa su kawo nono Inna ta auna musu gero. Akwai wani rabin duro da Baffa ya ajiye a gindin tsamiyar gonar, ba don komai ba sai don shayar da maruƙan Ardo. Shanun sun san shi sarai, da sun shigo gonar can suke dosa. Mu biyu ne maza a gidan, ni da Yaya, wanda ya girme ni da shekara shida. Shi ƙarfi Allah ya ba shi, yakan yi noman mutum uku kafin azahar. Ni kuwa aka ce kaina yana ja, aka bar ni a boko.

Da na gama sakandare, lokacin ba a daɗe da mai da Dutse babban birnin jiha ba, sakamakona ya fito da rauni a lissafi. Jami'a ta ce ba za ta ɗauke ni karatun aikin gona kai tsaye ba, sai na yi shekarar share fage. Ƙa'idar shekarar ɗaya ce, kuma ba ta da tausayi. Za ka zauna jarrabawar ƙarshe sau ɗaya tak. In ka ci ka shiga aji ɗaya, in ka faɗi ko ka kasa zuwa, ko da uwarka ce ta rasu ranar, ka tattara komatsanka. Yaran yanzu makaranta tana bakin ƙofarsu, suna kwance a ɗaki suke duba sunansu a waya. Mu sai ka wuni a mota zuwa wata jiha, ka je ka yi turereniya gaban allon sanarwa har rigarka ta yage. A ƙauye kuwa abin dariya na zama. Tsofaffin dandali in sun hango ni sai su ce, "To, noman ma sai an je jami'a? Mu da ba mu je ba, ƙasa muke ci?"

Yaya yakan ce, "Ku ƙyale min ɗan bokona. Shi zai zo ya koya mana noma da biro."

Yana faɗa yana dariya, amma shi ne ya ɗauke duk aikin gonar da ya kamata mu raba, kuma ban taɓa jin ya yi ko tsaki ba. Gidan gaba ɗaya a kan wannan jarrabawa tawa ya jingina.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a makarantar shi ne gonar gwaji. Kowane fili an ja masa layi da igiya, an kafa masa farin allo da rubutun Turanci: sunan iri, ranar shuka, da gargaɗin cewa an yi feshi kada a shiga. Kuma ba mai shiga. Ban taɓa tsayawa na lura cewa bayan allunan akwai katangar waya da maigadi mai kulki ba, ni dai na ɗauka allon ne ke tsare gonar. Ana cikin haka, damina ta yi nisa, saura wata guda jarrabawa, ɗalibai suka yi bore kan rashin ruwa da wuta. Mu 'yan share fage, da yake mu ne ƙananan kowa, mu ne manyan ɗalibai suka tura gaba. 'Yan sandan kwantar da tarzoma suka zo da barkonon tsohuwa da kulake. A gabana aka fasa wa wani ɗan ɗakinmu kai da gindin bindiga, jini ya wanke masa fuska yana ta kiran uwarsa. Kafin la'asar an rufe makaranta sai abin da hali ya yi. Na fito da riga ɗaya, da littafi biyu, da ƙullin sabon irin wake da wani malaminmu ya raba mana, ya ce duk mai fili a gida ya gwada.

Na iso gida gero ya riga ya fitar da kai. Baffa ya juya irin a tafin hannunsa ya ce lokacin shukar wake ya wuce. Na ce wannan na zamani ne, ba ruwansa da lokaci. Ya ba ni ɗan fili a gindin tsamiya inda ƙasa ke riƙe laima, na ja layi da igiya kamar yadda na gani, na shuka. Da ruwa ya ɗauke na koma jan guga. Waken kuwa ya yi kyau, kyau na ban haushi. Duk daji ya bushe ya yi ja, filina kaɗai ne kore shar, tsofaffin da ke min dariya suna ratsowa su tsaya suna kallo. Kaina ya kumbura. A mako ɗaya abu biyu suka faɗo: rediyo ya ce an buɗe makaranta kuma ranar Litinin za a fara jarrabawa, sanƙira kuma ya fito da gangarsa.

Baffa ya ce, "Kai, ka ji sanƙira. Ko ka tuge waken nan ka yi harawa, ko ka ɗauki gatari ka saro ƙaya."

Saura kwana goma waken ya nuna, ba zan iya tuge shi ba. Saran ƙaya kuma aikin kwana biyu ne, ga karatu a gabana, ga shi ina ganin aikin mutanen da ne. Sai na samo wani katako na shafe shi da farin fenti, na rubuta gargaɗi da jan fenti cikin Turanci, harafi-harafi, yadda ake yi a makaranta. Baffa ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Wannan wa zai karanta? Ardo ko saniyar?"

Na ce, "Baffa, haka ake yi a ko'ina yanzu."

Ya girgiza kai ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ya wuce. Yaya ya ce in bar maganar, shi zai saro ƙayar ranar Asabar in ya gama kwaso dawa, ai Ardo bai saba isowa ba sai ganga ta yi mako. Ranar Juma'a da la'asar na ga ƙwari sun fara huda 'ya'yan waken, na aro famfon feshi na sayo magani mai ƙarfi. Na rasa mazubin da zai isa na dama shi, sai na dama a rabin duron nan na gindin tsamiya. Na fesa rabi, magariba ta kama ni, na bar sauran a ciki da niyyar in ƙarasa da safe kafin na hau mota. Na matso da allona daf da duron na kafa, na tafi gida ina jin na cika ƙa'ida.

Ashe a shekarar ciyawa ta ƙare da wuri a arewa, Ardo ya matso kusa yana jiran ranar kawai. Asabar da rana ta fito muka kama hanyar gona, ni da Yaya. Na riga na sa rigar tafiya, sai ya karɓi famfon ya goya a bayansa, ya ce kada magani ya ɓata min ita. Tun daga nesa muka ji kukan shanu, wani irin kuka mai gurnani da ban taɓa ji ba kuma ba na fatan na sake ji. Da muka ƙaraso, waken babu shi, an tattake. Duron ya bushe ƙaf. Shanu bakwai ne a ƙasa. Wasu sun riga sun sandare, wasu suna shure-shure, kumfa na zuba daga baki da hanci, ciki ya kumbura, idanu sun firfito. Wata karsana mai ciki tana buga kanta da gindin tsamiya har ƙahonta ya karye. Ardo yana durƙushe ya rungume kan wata saniya, dattijo da furfura yana kuka da hawaye. Allona yana tsaye a tsakiyarsu, ko karkacewa bai yi ba.

'Ya'yan Ardo biyu, magidanta ne dukansu, suka juyo. Babban yana riƙe da adda.

Ya ce, "Wa ya zuba mana guba? A duron da kuka saba wa shanunmu da shi shekara da shekaru? Kuka buga ganga kuka kira mu, sannan kuka ɗana mana?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, amma ba abin da ya fito. Sai na ji Yaya ya taka min ƙafa da ƙarfi, ya tura ni bayansa.

Ya ce, "Ni na dama, ni na bari. Ga famfon nan a bayana kuna gani. Wannan bai san komai ba, jiya yana ɗaki yana karatu. Ardo, tsautsayi ne, don Allah a zauna a yi magana."

Bai rufe baki ba sanda ta sauka a kansa. Wani makiyayi ne daga gefe, ban ma ga zuwansa ba. Yaya ya durƙusa, famfon ya fashe, jini ya gangaro masa ta kunne. Babban ɗan Ardo ya ɗaga adda ya nufi wuyansa, Yaya ya tare da hannun dama. Na ji ƙarar, kamar an sari ɗanyen rake. Ya sake sara a wuri ɗaya. Ƙaramin ɗan Ardo ya rungume yayansa ta baya yana ihu da Fulatanci, Ardo ya miƙe yana salati. Yaya ya juyo da kai ya daka min tsawa, "Gudu!"

Na gudu. Kuma ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: da na shiga gari, ban ce an sari Yaya ba. Cewa na yi, "Sun kashe Yaya! Fulani sun kashe Yaya!" Ban san ko ya mutu ba, tsoro ne ya zaɓa min kalmar. Kafin na kai ƙofar gidanmu gari ya tashi. Maza suka fito da gatura da barandami da baka, har da waɗanda jiya-jiya suka sha furar da aka dama da nonon rugar. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, ranar na ga ma'anarsa da idona. Na bi bayansu ina cewa su tsaya, ba mai jina. Suka fara da shanun da suka rage, suna sare musu agara, saniya ta faɗi tana jan gindi tana kuka. Suka wuce ruga suka cinna wa bukkoki wuta. Mata suka watse cikin daji da goyo, ƙore a farfashe, nono ya malale a ƙasa ya gauraya da toka. Makiyayan suka ja baya suna harbi, kibiya ta sami wani maƙwabcinmu a maƙogwaro, ya zauna a kan kunyar gona yana ƙoƙarin zare ta, a nan ya cika. Aka rutsa ƙaramin ɗan Ardo, wanda ya riƙe yayansa, wanda bai taɓa kowa ba, aka rufar masa da gatura. Na ga ƙafafunsa suna motsi a tsakanin ƙafafun mutane, sannan suka daina. Duk wannan kafin rana ta take tsaka.

Cikin hayaƙin na hangi Baffa. Bai nufi faɗan ba, gindin tsamiya ya nufa. Ya tuge allona ya cilla cikin wata bukka mai ci da wuta, ya tsaya har ya ga fentin ya narke. Sannan ya damƙi wuyan rigata.

Ya ce, "A garin nan mutum ɗaya ne ke rubuta Turanci. Wuce mu tafi."

A bakin titi muka iske Yaya kwance a amalanke, an naɗe hannun da rawanin Baffa, rawanin ya jiƙe ya yi baƙi. Yana numfashi. Na faɗi a kansa ina kuka, ina cewa zan faɗa wa hukuma gaskiya. Ya buɗe ido da ƙyar.

Ya ce, "Me kake yi a nan har yanzu? Jibi ne fa. In ka buɗe baki, ko ka fasa tafiyar nan, ban yafe maka ba duniya da lahira."

Baffa ya tare wata motar kaya ya tura ni baya cikin buhunan gero. Ba mu yi nisa ba muka yi kiciɓis da motocin 'yan sanda suna tahowa daga Dutse. Duk wani saurayi da suka samu a garin ranar sun kwashe shi.

Ranar Litinin na zauna jarrabawa da rigar da jinin Yaya ya bushe a ƙirjinta, na juya ta ciki waje. Ban san abin da na rubuta ba. Na ci. Da na ga sunana a allon sanarwa, abokaina suna tsalle, ni bayan aji na zaga na yi amai. A asibiti a Dutse aka yanke hannun Yaya daga gwiwa, daga gadon asibiti aka wuce da shi gidan yari, ya yi watanni kafin a sake shi a kan cewa sakaci ne ba ganganci ba. Babban ɗan Ardo ya yi shekaru a ɗaure. Yaya ya dawo gari ana kiransa mai guba a bayan idonsa. Mutumin da ke noman mutum uku ya koma zaman ƙofar gida yana tufkar igiya da hannu ɗaya da yatsun ƙafa. Ardo bai sake sauka a ƙasarmu ba, gonar Baffa ta yi ta ramewa, gangar ma bayan 'yan shekaru aka daina buga ta.

Lokacin da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jiharmu na riga na zama malamin gona, ina zaune a Dutse, ina hawa babur zuwa Miga da Taura ina koya wa manoma yadda ake feshi da yadda ake wanke mazubin magani. A shekarun nan ko'ina ka juya wa'azi ne, a masallaci, a kasuwa, a rediyo, kuma duk a kan haƙƙi: cewa Allah yana yafe nasa, amma ba ya yafe na bawa sai bawan ya yafe. Maganar ta hana ni sukuni. Na ji labari Ardo ya zauna a wajen Miga da 'yan shanun da suka rage masa. Na je ƙauye na sami Yaya a ƙofar gida, na ce masa na yanke shawara zan je na faɗa wa Ardo wanda ya dama maganin, da wanda ya yi ihun da ya tayar da gari.

Ya ajiye igiyar ya ce in matso. Na matso. Ya ɗauke ni da mari da hannun hagu har hulata ta faɗi. Tun muna yara bai taɓa dukana ba sai ranar.

Ya ce, "Hannu na bayar. Yanzu kana so ka je ka ce a banza na bayar? A sake tono gawa biyu, a ce gidan Baffa duk maƙaryata ne, a kore ka daga aiki? 'Ya'yana wa zai riƙe? Kai nauyi ya dame ka, kana neman inda za ka sauke. To ni na ɗauki nawa. Ka ɗauki naka ka yi shiru."

Na ɗauki hulata na karkaɗe. Ban je ba.

Amma Miga wurin aikina ne, ba yadda za a yi mu ƙi haɗuwa. Wata ranar kasuwa na ji an kamo hannuna, na juya, Ardo ne, ya tsufa ya ranƙwafe, yana dogara sanda. Ya gane ni sarai. Ya tambayi lafiyar Inna, ya yi min ta'aziyyar Baffa. Sannan ya riƙe hannuna da nasa biyu.

Ya ce, "Malam, ina jin labarin aikin da kake yi wa mutane. Kai dai Allah ya yi maka albarka, kai ne ka fita daban a gidanku. Amma yayanka, ni da shi sai gaban Allah."

Na ce amin. Da bakina na ce amin, na karɓi albarkar na hau babur. Yanzu dukansu biyu sun rasu, Yaya ya riga Ardo da shekara ɗaya. Suna can inda ba a buƙatar na buɗe baki kafin a san wanda ya dama maganin. Ni ne dai ban iso ba tukuna.